Idan sabulunki ya ƙona fuskar wata: jagorar inshora ga masu haɗa kayan gyaran jiki a Kaduna

Ina shekara ta uku da fara haɗa sabulu da man shafawa a ɗakin bayan gidanmu na Unguwar Rimi, wata Laraba bayan la'asar waya ta shigo. Mahaifiyar wata amarya ce da aka saya wa kayan gyaran jiki a hannuna. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Hajiya, don girman Allah me kika zuba a sabulun nan? Ɗaurin aure ranar Asabar, ga fuskar yarinya ta tashi." Kafin in buɗe baki hoto ya shigo ta WhatsApp. Kumatu biyu sun yi jawur, gefen hanci ya fara saɓulewa kamar an watsa mata ruwan zafi.

Tun kafin in ajiye wayar na san inda na yi ɓarna. Batirin sikelina ya mutu a makon, sai na auna soda da kofi. Ga oda ta yi mini yawa, na fitar da sabulun kwana 10 da zubawa, alhali irin wannan sabulu mako 4 zuwa 6 yake so yana shan iska. Na biya kuɗin likitan fata da magani da mai kwalliyar da ta rufe abin ranar biki, manya suka shiga tsakani, aka ce a bar wa Allah. Amma kawun amaryar, wanda ya daɗe yana aikin kotu, ya tsayar da ni a zaure ya ce, "'Yata, wannan karon zumunci ne ya cece ki. Wadda za ta saya a Instagram daga Abuja ba ta san ƙofar gidanku ba, takardar lauya za ta aiko miki."

Maganarsa ce ta kai ni ofishin dillalin inshora. Abin da na koya a can, da wanda na koya da kuɗina, shi zan shimfiɗa a nan. Da ke nake magana domin mata ne suka fi yawa a sana'ar. Maza masu haɗa man gemu da man kitso, ku ɗauka da ku ake.

Abin da doka ta ɗora miki

Akwai dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 136 ya ce idan kaya mai aibi ya cutar da mutum, wanda ya samar da kayan shi ke da alhaki, ko da wanda ya cutu ba a hannunsa ya saya ba. Wato idan wata ta sari manki ta kai Zariya, wata ta saya ta ba ƙanwarta kyauta, ƙanwar tana da ikon nemanki. Sashe na 145 ya fi wannan nauyi: idan aka ce kayan na da aibi, mai kayan ne zai kawo hujjar cewa lafiyarsa lau. Ke za ki wanke kanki. Rubutun da muke yi a ƙasan rasit cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, ko cewa ba ruwanmu da abin da ya biyo baya, ba ya sauke wannan nauyi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Maganar ma tsohuwa ce. A 1931 wani likita a birnin Adelaide na Ostareliya ya sayi kamfai na ulu, ashe an bar ragowar sinadari a jikin zaren, fatarsa ta lalace ya kwanta watanni. Shari'ar ta kai har Landan, a 1935 aka ba shi gaskiya a kan masaƙar. Har yau ɗaliban lauya a Najeriya suna karanta wannan shari'a. Idan kamfai ya kai masaƙa kotu, ina ga man da ake kwana da shi a fuska.

Me inshorar ke biya, me ba ta biya

Wadda kike nema sunanta inshorar alhakin kaya. A ofis za ki ji suna cewa furodak layabiliti. Abu biyu take ɗauka: diyyar da aka yanke miki a kotu ko aka sasanta da yardar kamfanin, saboda kayanki ya ji wa wani a jiki ko ya ɓata masa dukiya, sai kuma kuɗin lauyan da zai kare ki. Na biyun nan mutane ke rainawa. Ko ƙarya aka yi miki, ko mai ƙarar ta haɗa manki da wani man bilicin ne a ɓoye, sai kin ɗauki lauya kafin gaskiya ta fito, kuma lauya ba ya zuwa kotu don Allah.

Ba ta mayar wa kwastoma kuɗin robar da ta saya. Ba ta biyan asarar kwaso kaya daga shaguna idan zubi, wato haɗin da kika yi a karo ɗaya, ya lalace, wannan inshora ce daban. Ba ta biyan tarar hukuma. Ba ta biyan wadda ta ce kin yi mata alkawarin ƙuraje za su mutu cikin mako guda ba su mutu ba. Kuma ba ta tsaya wa abin da doka ta hana.

Tana da 'yan'uwa da ake rikita su da ita. Idan kin kama rumfa a kasuwar baje koli ta duniya da ake yi a hanyar Zariya, kanta ta faɗo wa yaro, ko baƙuwa ta zame a kan mai a shagonki, wannan alhakin jama'a ne, kuma sau da yawa ana haɗa shi da na kaya a takarda ɗaya. Idan ke da hannunki kike shafa wa amare dilka da halawa da kurkur, wannan aikin hannu ne, sai an rubuta shi a fili, domin inshorar kaya kaɗai ba ta kai can. Gobarar da za ta cinye miki jarkokin mai da robobi, ita ma daban. Yaran da ke taya ki aiki kuwa, idan soda ta fallatsa wa ɗaya a ido, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ce ke magana, ta hannun asusun NSITF, inda wanda ya ɗauki ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya.

Na san tambayar da ke ranki, domin ni ma ita na fara kai wa malamin Islamiyyarmu: inshora ta halatta? Malamai da yawa suna ƙyamar inshorar da aka saba saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. Shi ya sa aka samar da takaful. Hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, a 2016 kuma ta ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi, daga baya wasu suka biyo. A takaful, abin da kika zuba gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, kamfanin wakili ne mai karɓar ladan kula, ana juya kuɗin ta hanyar halal, idan an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Duk matakan da ke ƙasa ɗaya ne, ko takaful kika zaɓa ko ɗayar.

Mataki na farko: gyara gida kafin ki fita

Nan ne mafi yawan aikin yake, kuma ba ruwansa da kamfanin inshora tukuna.

Yi wa sunan sana'arki rajista a hukumar CAC, ki buɗe asusun banki da wannan suna. Sunan da ke kan takardar inshora ya zama shi ne a kan roba, shi ne a kan rasit. Idan roba na ɗauke da wani suna, inshora na ɗauke da wani, ranar neman diyya za ki sha bayani.

Sai NAFDAC. Kayan shafawa suna ƙarƙashinta, kuma doka ta ce a yi musu rajista kafin a sayar. Ana nema ta intanet a shafinta na NAPAMS, jami'ai su zo su duba wurin aiki, a gwada samfuri, lambar kuma shekara 5 take yi kafin a sabunta. Mu a Kaduna mun yi sa'a, hukumar na da ofis da ɗakin gwaji a garin nan. Na san da yawa daga cikinmu sun fara sayarwa ba lamba, ni ma haka na fara. Amma ki sani takardun inshora suna ɗauke da sharaɗin bin dokokin ƙasa, kayan da ba shi da rajista kuwa ƙofa ce a buɗe ga kamfani ya ce ba ya biya. Idan kuɗin bai isa ki yi wa kaya takwas rajista ba, zaɓi biyun da suka fi tafiya, ki yi musu, ki jingine sauran.

Sai littafin zubi, wanda a wurina ya fi komai. Littafi ne na makaranta mai bango mai kauri, shafi ɗaya zubi ɗaya. A saman shafi lambar zubin, misali SK-12-03-A, wato sabulun kaɗanya, 12 ga Maris, zubi na farko. A ƙasa kowane abu da nauyinsa a giram: man kaɗanya, man alayyadi, man kwakwa, soda, ruwa, turare. Ba cokali, ba murfi, ba "ɗan kaɗan". Sai inda kika sayi kowanne, da rasit ɗin a manne a bayan shafi, ko a Kasuwar Barci kika saya, ko a babbar kasuwa ta Sheikh Gumi, ko daga Kano aka aiko. Sai ranar da kika yanka, ranar da kika gwada, abin da takardar gwajin pH, mai auna kaifin soda, ta nuna (sabulun kirki yakan tsaya wajen 9 zuwa 10, idan ya haura sosai soda ta yi yawa), yawan sandunan da suka fito, da sunayen masu sari da suka ɗauka. Daga kowane zubi ki ware guda biyu ki ajiye a kwali, kada ki taɓa su sai wa'adin kayan ya wuce. Da ina da wannan littafi ranar da uwar amarya ta kira, cikin minti biyar zan san su wa suka ɗauki sauran sandunan. Sai da na kwana biyu ina bin tsofaffin saƙonni ina kira ɗaya bayan ɗaya.

Rasit ɗin masu sayar da sinadarai yana da wani amfani. Idan aka gano laifin na man da aka sayar miki ne, kamfanin inshora zai biya, sannan ya bi mai sinadarin ya karɓo kuɗinsa. Ba rasit, ba wanda za a bi.

Na ƙarshe lakabi. Sunan kaya, jerin abin da ke ciki, nauyi, sunanki da adireshi, lambar zubi, ranar haɗawa da ranar ƙarewa, lambar NAFDAC, yadda ake amfani, da gargaɗi: a fara gwadawa a cikin damtse a jira kwana ɗaya zuwa biyu, kada a kai ido, a daina idan ya yi ƙaiƙayi. Ki rubuta da Hausa ma, domin gargaɗin da mai saye ba ta iya karantawa bai gargaɗe ta ba. Kuma ki kama bakinki a talla. Da zarar kin rubuta cewa manki na warkar da kyasbi ko makero ko borin jini, kin fita daga kayan shafa kin shiga magani, rajistarsa daban, inshorarsa daban. Abin da kika faɗa a bidiyon TikTok shi ma ana iya kawo shi gaban alƙali.

Mataki na biyu: jera kayanki bisa haɗarinsu

Ɗauki takarda ki rubuta duk abin da kike sayarwa, har wanda kike yi sai an yi oda. Kamfani zai tambaya, kuma gara ki san amsar kafin ya tambaya.

Man da ba ruwa a cikinsa, kamar kaɗanya da aka buga da man kwakwa, shi ne mafi sauƙin haɗari. Loshan da kirim da duk abin da ruwa ya shiga, ko ruwan fure ne ko na alobera, sai da sinadarin hana ruɓa, in ba haka ba ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki tun kafin wari ya fito, balle a zafin Maris da Afrilu na Kaduna ga rashin wuta. Bitamin E ba ya wannan aiki, mai kawai yake hanawa yin ɗoyi. Man ƙamshi mai ƙarfi irin na kanumfari da kirfa yana ƙona fata idan ya yi yawa, a kayan shafawa man ƙamshi na yau da kullum ma ba a cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, irin waɗannan masu ƙarfi kuwa ƙasa da haka sosai ake sawa, na ɓawon lemon tsami kuma yana sa fata ta ƙone idan an shiga rana. Baƙin lallen da ake zuba wa dayis na gashi yana tayar da bororo a hannun wasu, tabon ya daɗe. Kayan jarirai da na kewayen ido suna sa kamfani ya ƙara tambayoyi. Kayan mata da ake sha ko ake matsi da su ba kayan shafa ba ne, kada ki zaci takardar sabulu ta haɗa da su.

Sai babban dutse, haɗin ƙara haske. Ƙa'idojin NAFDAC na 2019 sun hana sinadarin makuri da magungunan sitiroyid a kayan shafa, sun kuma hana haidurokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makuri yana taɓa ƙoda, sitiroyid yana siranta fata har jijiyoyi su fito, ga nankarwa, haidurokwinon mai yawa yana barin baƙin tabo da ba ya fita. Duk wadda ke matse tub ɗin maganin kyamis a cikin kirim ta kira shi "oganik", babu kamfanin da zai tsaya mata, ko ta biya kuɗin inshora. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi.

Wani abu da ake mantawa: idan bokitin kirim kike sarowa daga Legas ki ɗura a robobi ki manna sunanki, a idon mai saye ke ce mai kaya. Ba ki san abin da ke cikin bokitin ba, amma sunanki ne a jiki. Ki nemi takardar bayanin sinadaran daga mai sayarwa, idan ya ƙi ki canza shi.

Mataki na uku: nemo dillali

Za ki iya shiga ofishin kamfani kai tsaye, akwai rassansu da dama a kan titin Ahmadu Bello da kewayensa. Ni dai dillali na fi so. Wakilin kamfani kayan gidansu kaɗai yake tallatawa, dillali kuwa naki ne, yana zagaya kamfanoni ya kawo miki farashi, ladansa kuma daga kamfanin yake fitowa. Inshorar alhakin kaya ba irin ta mota ba ce da ake yankewa a tsaye, an fi saba yi wa manyan masana'antu, don haka mai ƙaramin jari na buƙatar wanda zai yi mata magana. Kafin ki zauna da kowa, duba sunansa a jerin masu lasisi da NAICOM ke wallafawa a shafinta, ki kuma tambaye shi shaidar zama ɗan majalisar dillalan inshora ta NCRIB. Ki ce ya kawo farashi daga wuri biyu ko uku, ɗaya ya zama takaful.

Mataki na huɗu: fom

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inshora an gina ta ne a kan cewa ke kika san kayanki, kamfani bai sani ba, don haka duk abin da zai iya sa su canza farashi ko su ƙi, wajibi ne ki faɗa. Za a tambaye ki cinikin shekara, domin a kansa ake lissafa kuɗin. Jerin kaya da abin da ke cikinsu. Inda kike haɗawa. Ko kina aikawa waje. Ko an taɓa kawo ƙorafi.

Da na zo kan wannan tambaya ta ƙarshe na tsaya da biro a hannu. Dillalin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya dube ni ya ce, "Hajiya, rubuta. In kin faɗa, ƙila su ƙara miki kuɗi kaɗan. In kin ɓoye suka gano, duk abin da kika biya ya tafi a banza." Na rubuta labarin amarya, na ƙara da abin da na gyara: sikeli biyu, littafin zubi, takardar gwaji. Suka karɓa. Kada ki rage ciniki don kuɗin ya sauka, kuma kada ki bar kowa ya cike miki fom ki sa hannu ba ki karanta ba. Ki ɗauki hoton kowane shafi kafin ki miƙa.

Mataki na biyar: karanta takardar, layi-layi

Takardar da Turanci take zuwa, Turancin ma na lauyoyi. Ki zauna da dillalin ya fassara miki, ki riƙe biro. Ga wuraren da za ki danna yatsa.

Iyakar biya kashi biyu ce: abin da za su biya a kan lamari ɗaya, da jimillar abin da za su biya a shekara. A sana'armu wannan na da muhimmanci, domin zubi ɗaya idan ya ɓaci ba mutum ɗaya yake taɓawa ba. Tambayi ko mutum 20 da zubi ɗaya ya cutar lamari ɗaya ne ko 20. Tambayi kuma ko kuɗin lauya a cikin iyakar yake ko a kanta ake ɗorawa.

Sai kason da ke kanki, wanda suke kira eksas. A ce, don misali kawai, iyakarki naira miliyan 5 ce, kasonki dubu 100. Aka sasanta a kan dubu 600: ke dubu 100, su dubu 500. Aka sasanta a kan dubu 80: duka naki ne. Ƙananan ƙorafe-ƙorafe daga aljihunki za su fita, saboda haka ki riƙa ware wani abu duk wata kamar zubin adashe. Kaso mai yawa yana rage kuɗin inshora, amma kada ki karɓi wanda ba za ki iya fitarwa cikin mako guda ba.

Wuri na uku ya fi kowanne ruɗarwa. Wata takardar tana bin ranar da cutar ta faru: in dai ta faru cikin shekarar da kike da inshora, an rufe ki ko da ƙarar ta zo bayan shekara biyu. Wata kuma tana bin ranar da aka kawo ƙara: sai inshorar na raye ranar da takardar lauya ta iso. Idan irin ta biyu ce, akwai wata rana da ake rubutawa wadda duk abin da ya faru kafinta ba ruwansu, kuma ranar da kika bari inshorar ta mutu, kariyar robobin da kika sayar bara ta mutu tare da ita. Man da aka saya yau yana iya kai wata shida a kan madubi kafin a buɗe shi. Tambayi wace iri ce taki, ki sa a nuna miki layin.

Sai iyakar ƙasa. Yawanci Najeriya kaɗai ake rubutawa. Idan kina ba masu zuwa Umara kaya su sayar a Saudiyya, ko kina aikawa Nijar, Ingila ko Amurka, ki faɗa. Amurka da Kanada kusan kullum a cire suke saboda tsadar shari'arsu. Turai kuma, a ƙarƙashin dokarsu ta kayan shafa ta 2009, sai kaya na da rahoton tabbatar da lafiyarsa da wani mai ɗaukar alhakinsa a can kafin a sayar.

Daga nan ki duba jerin kayan da aka rubuta. Abin da ba ya cikin jerin ba ya cikin kariya. Kin fito da sabon sabulun kurkur bayan wata uku? Rubuta wa dillali, ki jira takardar ƙari kafin ki sayar.

Mataki na shida: biya

A Najeriya ƙa'idar ita ce ba biya, ba kariya, kuma NAICOM ta tsananta aiki da ita tun 2013. Alkawarin "zan kawo ƙarshen wata" ba ya rufe kowa. Ki tura kuɗin asusun kamfani ko na ofishin dillali, ba asusun wani mutum ba, ki karɓi rasit da cikakkiyar takarda mai lamba, sannan ki kira kamfanin da kanki ki tabbatar lambar na cikin littafinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙorafin da kika riga kika sani kafin ki biya, ba ya shiga.

Idan kuɗin ya fi ƙarfinki ke kaɗai, ku haɗu. Ƙungiyar mata masu sabulu mai rajista tana iya neman takarda ɗaya. Sai dai a rubuta sunan kowace da kayanta, ku kuma san cewa jimillar shekara ta kowa ce, idan ɗaya ta cinye ta sauran sun zauna a rana. Kada ku shigar da mai haɗin bilicin don kunya.

Ranar da waya ta shigo

Ki saurara, kada ki yi musu. Ki ce ta daina shafawa nan take, ta wanke da ruwa mai yawa, ta je asibiti ta ga likita, ba kyamis ba. Idan fuska ko leɓe na kumbura ko numfashi na sarƙewa, wannan na gaggawa ne, kada a jira gari ya waye. Ki roƙe ta ta ajiye robar da sauran abin da ke ciki, ta turo hoton fatar da na lambar zubi. Ki tambaye ta cikin ladabi me kuma take shafawa.

Nan ne al'adarmu ke karo da takarda. Mu mun saba da "laifina ne, ki yafe mini, ko nawa ne zan biya". Takardar inshora kuwa tana hana ki amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da izinin kamfani ba, idan kin yi suna iya janye hannu. Wannan bai hana ki tausayi ba. "Sannu Anti, Allah ya sawwaƙe, ki je asibiti yanzu, ina bin maganar kuma zan kira ki gobe" ya isa, ba ƙarya a ciki, ba amsa laifi. Idan zuciyarki ba za ta bari ki ga mutum ba kuɗin asibiti ba, kira dillali tukuna ki gaya masa abin da kike son yi.

A ranar ki sanar da dillali a rubuce, ko da kina ganin maganar za ta mutu a zaure, domin jinkirin sanarwa na cikin dalilan da ake ƙin biya da su. Ki buɗe littafi, ki dakatar da sayar da wannan zubi, ki kira masu sari su riƙe nasu. Samfurin da kika ajiye kada ki taɓa shi, shi za a kai gwaji. Kada ki goge saƙo ko ɗaya, kada ki shiga cacar baki a Facebook, kada ki sa hoton matar a ko'ina. Takardar lauya ko sammaci in sun zo, ki miƙa wa kamfani yadda suke, ba ke za ki amsa ba. Idan manya suka kira zaman sulhu, ki je, amma kada ki yanke adadi sai da wakilin kamfanin ko amincewarsa a rubuce.

Idan kin cika sharuɗɗa kamfani ya tsaya jan ƙafa, ki nemi dalilinsa a rubuce, ki kai ƙara sashen ƙorafi na NAICOM tare da kwafin takarda da rasit da wasiƙun da kuka yi.

Sabuntawa

Sa ƙararrawa a waya wata ɗaya kafin ranar ƙarewa. Ki kai wa dillali sabon adadin ciniki, sabbin kaya, da duk ƙorafin da aka yi a shekarar ko da ya mutu. Kada ki bar giɓi ko na kwana ɗaya, musamman idan takardarki mai bin ranar ƙara ce. Idan za ki canza kamfani, ki sa sabon ya riƙe tsohuwar ranar nan da kariyarki ta fara, wadda abin da ya faru kafinta ba ruwansu. In kuma za ki ajiye sana'ar, aure ya kai ki wani gari ko kin koma makaranta, tambayi dillali nawa ne ƙarin wa'adin da zai rufe robobin da suka rage a hannun mutane, ki ajiye littafin zubi da kwalin samfura har wa'adin zubin ƙarshe ya wuce.